Ba mu da zaki, ba mu da giwa, to me za mu kare a ƙasar Daura?

Tambaya, daga wani malamin firamare a ƙasar Daura: "Baba, kullum muna jin ana maganar kare muhalli da namun daji a rediyo. Mu nan ba zaki, ba giwa, ba ma dajin kirki. Bara mun dasa itatuwa a makarantarmu, kafin bazara duk sun bushe. Ina da 'yar gona ta gado da ƙaramin albashi. Mutum irina me zai yi wanda zai yi tasiri?"

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Zan amsa maka da abin da aikin gandun daji ya koya mini a arewacin jihar nan, inda ruwa yake zuwa wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekarar kuwa rana ce da iska.

Kuna da namun daji. Akwai bushiya a gindin shingenku, akwai damo da hawainiya da kurege da zomo, akwai mujiya da jemage da shamuwa da balbela da ƙudan zuma. Su ne suka rage mana, kuma yawancinsu aiki suke yi wa gonarka ba tare da ka biya su ba. Manyan dai sun tafi. Tambayi dattawan garinku, za su ba ka labarin lokacin da ake ganin barewa da gada a bayan gari, kura tana kuka da dare, gauraka tana sauka a fadama. Gona ta ci daji, farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa masu yawa, gatari da bindiga suka ƙarasa abin da ya saura. Ƙananan da suke tare da mu yanzu hanyar da manyan suka bi suke bi, sai dai ba a lura, don ba wanda yake ƙirga bushiya.

A ƙasa irin tamu, abin da mutum ya bari ya rayu ya fi abin da ya sayo ya dasa amfani. Abu biyu ne a hannun talaka suke yin ɓarna mafi girma, gatari da guba, kuma janye hannu daga kowannensu ba ya cin ko kwabo.

Mu fara da itatuwanku da suka bushe. Dashe jariri ne: saiwarsa ba ta wuce tsawon ledar da aka rene shi a ciki ba. Yawanci ana raba dashe a makare, wajen ƙarshen Agusta, a yi biki a dasa, ruwa ya ɗauke bayan 'yan makonni, hunturu ya shigo, akuya ta zo, gara ta zo. Wanda bai samu keji da ban ruwa har ya ƙetare ranin farko ba, da wuya ya kai labari. Idan za ku sake, ku dasa a Yuli da ruwa ya zauna, ku haƙa rami mai faɗi ku zuba taki, ku kewaye da ƙaya, kowane itace a ba wa yara biyu ko uku amanarsa da sunansu. Guda goma da za a kula da su sun fi ɗari da za a bar wa Allah da akuya. A binne tsohon tulu a gefen dashen, bakinsa a waje, a riƙa cika shi ana rufewa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba.

Amma babban aikin yana gonarka ta gado. Je ka duba ta kafin sharar gona. Za ka ga kututtura suna toho: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, bagaruwa, wani wurin har kanya. Kowace shekara ana sassabe su, a tara a cinna wuta, su kuma su sake tohowa. Abin da ya sa ba sa mutuwa shi ne saiwarsu tana nan a raye a ƙarƙashin ƙasa, ta tsohon itace ce, ta riga ta nutsa ta kai ga danshi. Itacen da kake nema ka saya yana gonarka, kai ne kake sare shi duk bazara.

Maƙwabtanmu na Nijar su suka nuna wa duniya abin da wannan zai iya yi. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Toni Rinaudo da manoman karkara suka fara barin waɗannan tohon suna gyara su, abin da suke kira sassabin zamani. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga manomi zuwa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa ta wannan hanya, wajen itace miliyan 200, akasari a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba sai an ba ka labari ba. Ka tsallaka ta Kongolam ka nufi Matamaye ko Magarya, ka ga yadda gawo ya cika gonakin gero. Ƙasarsu irin tamu ce, jigawa ce, ruwansu bai fi namu ba. Wani abu da ya taimaka musu ƙwarai shi ne da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai iya sassake reshensa ba tare da tsoron tara ba. Mutum ba ya renon abin da ya san za a ƙwace masa.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya a kan kututturen, ka ga toho kamar ashirin sun fito a cunkushe, kowanne siriri. Ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari, ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce haka, don ganyen sama ne yake ciyar da su. Adda ko lauje ya kasance da kaifi, kuma ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama, don idan ka saro daga sama ɓawon zai yage ya bi jikin itacen, gara da cuta su samu ƙofa. Ka ɗaura jan tsumma a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka cire sabon tohon da ya fito. Ƙarfin da saiwar take rabawa ashirin yanzu ya koma kan uku, shi ya sa cikin shekara biyu zuwa uku za ka ga ya fi ka tsayi. Duk shekara kana iya cire ɗaya ka kai gida a yi girki, a ƙarshe ka bar guda ya zama bishiya.

Manomi zai ce inuwa tana kashe gero. Gaskiya ne ga wasu itatuwa, shi ya sa bedi, wato darbejiya, ya fi dacewa da bakin hanya da ƙofar gida da harabar makaranta, ba tsakiyar gona ba. Gawo kuwa dabam yake, kuma ban san itacen da ya kai shi alheri ga manomin Daura ba. Da damina yake zubar da ganye, lokacin da gero yake son rana. Da rani yake yin kore, lokacin da dabba take neman inuwa. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya, 'ya'yansa suna zubowa a ƙarshen rani daidai lokacin da harawa ta ƙare, dabbobin da suka kwanta a gindinsa kuma su bar kashi. Duba geron da ke ƙarƙashin gawo ka kwatanta da na fili, kai ma ka san bambancin. Kuma a kan waɗannan itatuwa ne tsuntsaye masu cin tsutsa da fara suke sheƙa, a kansu ake rataya amya. Wanda ya rena gawo goma ya yi wa namun daji gida, ko bai yi niyya ba.

Wahalar ba a yankan take ba, a mutane take. Da kaka ta wuce gona ta zama ta kowa: mai neman itacen girki zai bi, makiyayi zai sassake wa dabbobinsa. Kai kaɗai ba za ka iya tsaro ba. Ka nemi maƙwabtan gonarka ku yi tare, ku je wurin mai unguwa ko dagaci, a kira ardo a zauna, a amince cewa mai jan tsumma ba a taɓa shi, babban gawo kuma a sassaki reshe amma kada a yi masa aski gaba ɗaya. A ƙasarku an taɓa yin irin wannan aiki ƙarƙashin wani shiri na Oxfam da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi a Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, Dutsi da Mashi, don haka idan ka bincika za ka samu manoman da hannunsu ya riga ya saba. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa da doka a 2015 don yaƙi da kwararowar hamada, Katsina tana cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. Ku nemi dashe a wurinta da wurin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma, amma kada ku jira su kafin ku fara.

Ba na cikin masu zagin mata don suna girki da itace. Gas ya yi tsada, kuma dole a ci tuwo. Abin da za a iya shi ne rage yawan da ake ƙonawa. Murhun duwatsu uku yana barin yawancin zafi ya tsere ta gefe. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya, da ƙofa ɗaya ta itace, yana rage cin itace sosai, yana rage hayaƙin da ke cin idon uwargida da ƙirjin yaron da ke bayanta. A jiƙa wake kafin a ɗora, a rufe tukunya, a yi amfani da busasshen itace. Gawayi ya fi ɓarna, don sai an ƙona itace mai yawa kafin a samu buhu ɗaya, kuma masu yinsa itatuwa masu tauri irin ƙirya da marke suke nema, waɗanda suke daɗewa kafin su girma.

Yanzu guba, kuma a nan zuciyata ta fi ƙuna. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Da, ba a yanka dabba a kasuwar Mai'aduwa ko kwatar Katsina ba tare da sun jeru a kan katanga suna jira ba. Yau yaro zai gama firamare bai taɓa ganin ta ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya wannan ungulu tamu cikin jerin waɗanda suke dab da ƙarewa. Abu biyu suka fi cinye ta. Na farko masu neman kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu, ana saye da tsada a kasuwannin magani. Na biyu mushe mai guba: dila ko karen daji ya kama wa mutum akuya, ya ji haushi, ya barbaɗa maganin ƙwari a kan ragowar naman. Washegari sai ka tarar da ungulaye a zube kewaye da mushen, da shirwa, da hankaka, da karnukan gari, shi kuwa dilan wataƙila bai ma dawo ba. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Abin da aka kashe a wuni ɗaya, shekaru ba za su mayar da shi ba.

Mutane suna ƙyamar ta don tana cin mushe, alhali aikinta ke nan, kuma ba wanda zai yi mana shi. Cikinta yana da tsami mai ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Indiya ta ga abin da rashinta yake jawowa. A shekarun 1990 ungulayensu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari saboda wani maganin ciwon jiki, diklofenak, da ake yi wa shanu allurarsa. Ungulun da ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Darasin da ya shafe ka kai tsaye: dabbar da ta mutu bayan an yi mata allurai, a binne ta da zurfi, kada a jefar a bayan gari. Kada ka sa guba a nama ko da wane dalili. Idan kuwa akwai kuka ko giginya ko maɗacin da ungulu take sheƙa a garinku, wannan itacen ya cancanci mai gari da limami su yi magana a kansa a fili.

Mujiya ma haka. An ɗora mata camfi, duk inda ta yi kuka sai a bi ta da jifa. Tsuntsuwa ce kawai mai farautar dare, kuma gida ɗaya na mujiya, uwa da uba da 'ya'ya, yana cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. Wanda ya kore ta daga kusa da rumbunsa ya kori mai gadi. Sai ya koma sayen maganin ɓera, ɓeran ya ci ya fito yana tangaɗi, kyanwa ko mujiya ko shirwa ta ɗauke shi ta mutu ita ma, ɓerayen kuwa su hayayyafa fiye da da, don sun fi masu cin su saurin haihuwa. Tarko, toshe ramuka, ɗaga rumbu daga ƙasa da share zubabben hatsi sun fi wannan.

Fiya-fiya da ake zuba wa wake a buhu guba ce da take ƙarewa a cikin tukunyarka. Akwai buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan waken ya bushe sarai aka ɗaure kowane hawa dabam, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma yana yi. Idan feshi ya zama dole a gona, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a yi shi da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma, kada a yi lokacin da shuka take tsakiyar fure, don su ne suke sa kankana da kabewa da mangwaro su yi 'ya'ya. Kada a wanke tankin feshi a tafki ko bakin rijiya, kada a mayar da kwalbar ta zama ta man gyaɗa. Masu zuba gamalin a ruwa don kifi ya taso kuwa, kifin da ƙwansa da kwaɗi duk suke kashewa, su kuma sayar wa mutane guba.

Maganar leda ba sai na tsawaita ba, je ka tsaya wurin mahauci lokacin da yake fasa tumbin akuyar cikin gari. Za ka ga dunƙule baƙi, ledoji sun nannaɗe da igiya da tsumma sun yi tauri. Irin wannan dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. A gona leda tana hana ruwa shiga ƙasa, a gari tana toshe kwalbati. Ƙona ta a tsakar gida ba mafita ba ce, hayaƙinta yana cutar da huhu. A rage karɓarta: kwano don kunu da ƙosai, jaka ko kwando don kasuwa. Ledar fiyawata kuwa ku tara ta a makaranta, a yanke baki a huda gindi, ita ce tukunyar renon dashe, ku shuka zogale da tsamiya da kuka da kanku.

Kai malami ne, kuma danƙon da ke aljihun ɗalibanka ya fi bindigar maharbi yawa a garinku. Yaro ba mugunta yake yi ba, ba a taɓa nuna masa abin da tsuntsun yake yi ba ne. Fita da su su ga balbela tana bin shanu tana tsintar fara, su ga hawainiya tana kama ƙwaro. Su rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garin kowace shekara. Iyayenmu ba sa taɓa ta, don ita take shelar damina ta kusa. Takan yi sheƙa a nan, ta ci fara da tsutsa, da kaka kuma ta tafi gabashi da kudancin Afirka. Ka tuna musu hadisin da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Da bazara su ajiye kasko da ruwa a inuwa, a riƙa zubarwa ana sakewa duk kwana biyu don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Maciji kuwa kada ka koya musu wasa da shi: kububuwa da gamsheƙa suna kisa. Wanda ya shigo ɗaki dole a kawar da shi, wanda aka gani a daji a ba shi hanya, wanda aka sara kuma a garzaya da shi asibiti.

Kada ka sayi ɗan gauraka ko kunkuru ko ɗan biri don ado a gida, ko da tausayinsa ne ya kama ka a kasuwa, don kuɗinka ne zai mayar da mai kamun daji gobe. Da haka aka kwashe gauraka har ta kusa ƙarewa a dazukan Nijeriya. A 1985 gwamnatin tarayya ta kafa doka, aka yi mata gyara a 2016, wadda ta hana kamawa da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Farauta al'ada ce, ba kuma zan ce maka ka tare maharba da wa'azi ba. Amma ka samu sarkin baka ku yi magana ta girmamawa a kan abu biyu da shi ma ya san su: a ƙyale mai ciki da mai shayarwa da mai kwanci a kan ƙwai, kuma a daina cinna wa daji wuta don gafiya. Wutar tana cinye ciyawar da dabbobin gari za su ci da rani, ta ƙone bushiya da ƙwan zabo da fakara, ta kashe tohon da kuka sha wahalar gyarawa. Idan zaman dagaci da ardo ya tabbata, a kira sarkin baka ya zauna a ciki, a sa maganar wuta cikin abin da za a amince a kai tun kafin kaka.